Yadda Na Gaida Surukina a Kwance

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Juma'a a Riyad ba, ko da na so in manta ma ba dama, domin akwai mutane a unguwar Badi'a da suka ɗauki tuna mini da ita tamkar aikin albashi. Ni ba ɗan boko ba ne, aji huɗu na yi a firamare na gudu. Saboda haka yadda abin ya faru, haka zan faɗe shi.

A lokacin shekarata goma sha ɗaya ina tuƙi a gidan wani Balarabe a unguwar Suwaidi, ana ce masa Abu Fahad. Shi ne kafilina, wato sunansa ne a kan iƙamata, takardar zaman ƙasa. In ya sabunta ina nan, in ya ƙi sai jirgi. Aikina in kai yara makaranta, in kai matarsa, Madam, kasuwa da gidan 'yan'uwanta, in zauna a mota ina jira har bayana ya ƙage. Shi kansa ba na tuƙa shi. Da hannunsa yake jan motarsa, ya ce tuƙina barci yake sa shi.

Kwatsam sai ga sanarwa cewa mata za su fara tuƙi a ƙasar. Aka yi ta murna a talabijin. Mu direbobin gida ma mun yi murmushi, irin wanda ake yi a gidan makoki in an ce marigayin ya huta. Madam ta sayi littafin alamomin titi, tana zaune a baya tana tambayata, “Ya Hajji, wannan jan da'irar me take nufi?” Ni kuma ina ba ta amsa tsakani da Allah, ina koya mata yadda za a kore ni. Iƙamata saura wata biyu ta ƙare, Abu Fahad bai ce zai sabunta ba, bai ce ba zai sabunta ba. Ga yara biyar a gida, babbarsu tana makarantar koyon jinya. Abin da ke raina ke nan safe da yamma: in nemo wani amfani da nake da shi a gidan nan wanda ba sitiyari ba.

Ana haka likita ya gaya wa Abu Fahad sukarinsa ya hau, ya riƙa motsa jiki. Sai ya sayo keke. Ni dai keke na ji an kira shi. Ba kariya, ba ƙararrawa, ba madgadi, tayarsa kamar ɗan yatsana, hannunsa a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Da hannu ɗaya nake ɗaga shi in share ƙarƙashinsa. (Da mai aikin gidan ta gaya mini kuɗinsa, daga ranar na daina jingina tsintsiya kusa da shi.) Kowace Juma'a bayan asuba su huɗu suke fita, shi da abokansa, su je Wadi Hanifa, kwarin nan mai itatuwan dabino a gefen gari, su yi ta zagaye su dawo da gumi.

Wata yamma ina wanke mota a ƙofar gida, Abu Fahad da abokinsa likita, wanda kowa ke ce wa Daktur, suna tsaye suna kallon taswira a waya. Wani tsibiri ne a cikin teku, can kudu wajen Jizan, ana ce masa Farasan. Sai an shiga jirgin ruwa ake isa. An keɓe wurin saboda namun daji, akwai barewa da tsuntsayen ruwa da itatuwan da ke tsirowa a cikin ruwan gishiri, ba a farauta, ba a komai. Titi ne shimfiɗe ba motoci, ga teku a gefe. Sun zana hanyoyi uku na kwana uku: ɗaya ta bi bakin ruwa, ɗaya ta haye gada zuwa wani tsibirin, ɗaya ta ratsa tsohon ƙauye. Damuwarsu ɗaya, na huɗunsu bayansa ya riƙe, ba zai je ba, kuma wai tafiyar ba ta daɗi sai da mutum huɗu, saboda karɓa-karɓa ake yi wajen shiga gaba.

Ina riƙe da soso na ji bakina ya ce, “Ni ma ai na iya keke.”

Suka juyo suka kalle ni. Abu Fahad ya ce, “Kai, ya Hajji?”

Nan na buɗe. Na ce tun ina shekara tara nake kan keke. Na ce buhun gyaɗa biyu nake ɗaurawa a kariya daga ƙauyenmu har kasuwar Gwarzo, a cikin yashi. Wannan gaskiya ne. Na ce na iya faci, na iya ɗaure sarƙa. Wannan ma gaskiya ne. Sai na ƙara da cewa na taɓa cin tsere. (Tseren ni da wani mai jaki ne, kuma shi bai san ana yi ba.) Daktur ya ce masha Allah, mutanen Afirka ƙarfin ƙafa gare su. Abu Fahad ya ce, “Tayyib. Juma'a ka zo mu gwada ka da keken abokinmu. In ka iya, da kai za mu tafi tsibiri.”

Wallahi ni ba barewa nake son gani ba, na ga barewa har na ci namanta. Lissafina shi ne, mutumin da ka yi kwana uku kuna gumi tare da shi a tsakiyar teku, da wuya ka dawo ka buga masa hurujin ƙarshe, wato hatimin barin ƙasa ba dawowa.

Da a nan na tsaya da abin bai kai inda ya kai ba. Amma ran Alhamis da la'asar na je Badi'a, wurin da Hausawa ke zama shan shayi a bayan wani shagon kayan gini. A nan abokina Laminu yake, mutumin Damagaram, mai jan a-kori-kura yana kai siminti. Ni Bakano, shi Badamagare, kun san dai abin da ke tsakani, shekara goma ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Na zauna, na karɓi shayi, na ce a yi mini addu'a, tafiya ta kama ni, zan zagaye tsibiri a kan keke da manyan mutane.

Laminu ya ce, “Kai bawana, da wannan tumbin? Tsibirin ai nutsewa zai yi.”

Na ce, “Hassada ce, ɗan Damagaram. Ku a garinku in an ga keke ai fitowa ake yi da goro.”

Ya ce, “A ina za a yi gwajin?”

Na faɗa masa. Na faɗa masa wurin, na faɗa masa lokacin, har da kwanar da ke kusa da ƙaramar gada inda ake ajiye motoci. Ba wanda ya matsa mini.

Juma'a bayan asuba muka isa kwarin. Sanyin Riyad na hunturu, iska tana yanka kunne. Abu Fahad ya miƙo mini leda ya ce in shiga bayan mota in canza. Na buɗe. Riga ce mai santsi, kore shar, wadda in ɗan shekara goma ya sa za a ce ta matse shi. Sai wando baƙi, bai kai gwiwa ba, an ɗinka masa soso a mazaunai. Na juya shi gaba da baya ina neman sauransa. Na leƙo na ce ko zan ɗora wandona a kai. Ya ce a'a, sarƙa za ta kama shi. Na ce to jallabiya fa. Daktur ya yi dariya har da riƙe mota.

Na tsaya ina tunani. Shekarata arba'in da takwas, tun da na balaga ba namijin da ya ga cinyata. Na tuna iƙama. Na ce ai ƙarfe shida ne na safiyar Juma'a, duk wanda ya san ni barci yake yi. Na sa. Yadda rigar ta kama ni, ba abin da Allah Ya halitta mini wanda bai fito ya gabatar da kansa ba.

Sai takalmi. Ƙasansa akwai wani ɗan ƙarfe, in ka taka feda sai ka ji ƙas, ƙafarka ta kulle da keken. Abu Fahad ya tsuguna yana yi mini bayani da Larabci da sauri-sauri, yana murɗa diddigensa, yana nuna hannunsa a baya. Ni kuwa shekara goma sha ɗaya na yi ina ce wa Larabawa “aiwa”, wato “to”, kafin su gama magana, shi ya sa ake zaman lafiya da ni. Na ce aiwa. Ya ce, “Fahamt?” Na ce aiwa, aiwa. Daga baya na gane abu biyu ya faɗa mini: in za ka cire ƙafa, sai ka murɗa diddige waje, in za ka tsaya, sai ka ba na baya alama da hannu tun daga nesa.

Suka riƙe mini keken na hau, ƙas, ƙas, suka tura ni.

To, a nan zan yi wa kaina adalci. Na iya. Mutumin da ya saba jan buhu biyu a yashi, aka ba shi abin da bai kai nauyin buta ba a kan kwalta, ai tashi sama ne kawai bai yi ba. Sirdin dai kamar gefen wuƙa, amma ƙafafuna suka tuna aikinsu. Na ukunsu, wani mai ƙiba ma'aikacin banki, tuni ya fara haki, ni ko gumi ban yi ba. Abu Fahad ya matso kusa da ni ya ce, “Masha Allah, ya Hajji! Yalla, shiga gaba!”

Tsarinsu shi ne a jeru ɗaya bayan ɗaya, tayar wannan dab da tayar wancan, tazarar ba ta fi tafin hannu ba, na gaba yana tare wa na baya iska. Na shiga gaba. Abu Fahad a bayana, sai mai banki, sai Daktur. Ina jan kafilina a baya kamar raƙumi da akala. A zuciyata har na ga sabuwar iƙama, har na fara tsara yadda zan ba da labarin tsibiri a Badi'a.

Muka zagayo muka nufo kwanar ƙaramar gada. Daga nesa na hango farar a-kori-kura. Na san ta, ƙofar bayanta da igiya ake ɗaure ta. Laminu yana tsaye a jikinta ya ɗaga waya. Wannan bai dame ni ba, ya gani da idonsa ma ya fi. Sai na ga akwai wani a kusa da shi, dattijo, babbar riga ruwan toka, da rawani, yana dogare da sanda.

Baba Alhaji ne. Ƙanen mahaifin matata. Shi ya ba ni aurenta, shi ya nemo mini bizar zuwa ƙasar nan. Ya fi shekara talatin a Riyad. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Laminu ya je har gida ya ɗauko shi, wai ya zo ya sa wa tafiyar surukinsa albarka.

Yanzu mai karatu zai ce me ya hana ka wucewa, ga hular kwano ga baƙin gilashi, wa zai gane ka? Ni ma na tambayi kaina wannan sau ya fi ɗari. Amsar ita ce ba ni na yanke shawara ba. A ƙauyenmu ba a wuce babba a kan keke. Tun daga nesa kake sauka, ka tura keken da hannu, ka durƙusa ka gaishe shi, sai ya wuce ka sake hawa. Mahaifina ya taɓa tsinka mini mari a kan wannan ina ɗan shekara goma, kuma ashe marin yana nan a ajiye. Idona yana ganin rawanin, hannuna ya damƙe birki.

Birkin da na sani, tun daga bakin kasuwa kake fara matsa shi, ka ƙarasa da silifa a ƙasa. Wannan kuwa kana taɓa shi magana ta ƙare. Keken ya tsaya cak. Na ji Abu Fahad ya ƙwala “Ya Allah!”, tayarsa ta goge tawa, ya wuce ta gefena shi da kekensa ba a kan taya ba, ya sauka cikin tsakuwa. Mai banki ya bi shi ya sauka a kansa. Daktur ne kaɗai ya kauce.

Ni kuma ina tsaye a kan keke, daidai gaban Baba Alhaji, na ɗaga ƙafar dama zan sauka. Ta ƙi. Na ja ta hagu. Ta ƙi. Na ja sama da ƙarfi, kamar mai cire ƙafa daga taɓo. Keken ya tsaya yana shawara, sannan ya fara karkata. A hankali na faɗi, ba gaggawa, har na samu lokacin kallon Laminu yana gyara riƙon waya. Na kwanta a gefen dama, kaina kusa da takalmin surukina, ƙafafuna biyu a kulle, keken a tsakanin cinyoyina, tayar gaba tana juyawa.

Abu Fahad yana can cikin tsakuwa yana nishi.

To me zan yi? Gaisuwa ce ta kawo ni. Na ce, “Baba, ina kwana.”

Baba Alhaji ya kawar da kai yana kallon itatuwan dabino. Ya ce, “Lafiya lau. An tashi lafiya?”

“Lafiya lau, Baba.”

“Ya aiki?”

“Da godiya.”

“Ya labarin mutan gida?”

“Suna lafiya, suna gaishe ka.”

“Madalla. Ya sanyi?”

“Lokacinsa ne.”

Duk wannan bai kalle ni ba ko sau ɗaya. Sannan ya sa hannu ya warware rawaninsa, a nutse, har yanzu idonsa yana kan dabino, ya sake shi a kan cinyoyina. Ya ce, “Allah Ya rufa asiri.” Na ce amin. Wallahi faɗuwar ba ta yi mini ciwo ba, gwiwar hannu kawai na goge. Rawanin nan ne har yau in na tuna nake jin kamar in tone ƙasa in shige.

Laminu ya tsuguno kusa da kunnena ya ce, “Bawana, a nan ne tsibirin?”

Daktur ne ya zo ya murɗa mini diddige, ƙas, ƙafa ta fita kamar ba ita ba. Na ɗaura rawanin a ƙugu kamar zane, na ruga wurin Abu Fahad. Hannunsa na dama ya karye a wuyan hannu. Ni na tuƙa shi asibiti, da koriyar riga da rawanin surukina, ina taka birki da takalmi mai ƙarfe. Aka sa masa farin simintin nan na asibiti tun daga yatsu har gwiwar hannu.

Da muka dawo gida na shiga ɗakina na bakin ƙofa na fara ninke kaya. Ba sai an gaya mini ba. Na karya kafilina, na lanƙwasa tayar keken aro, na rushe tafiyar da suka yi wata uku suna shiryawa. Kafin la'asar uwar yarana ta bugo daga gida. Ba ta tambayi lafiyata ba. Ta ce, “Malam, wai me na gani a wayar maƙwabta? Wandon wane yaro ka sa?” Na ce sadarwa ba ta da kyau.

Bayan magariba Abu Fahad ya aiko a kira ni. Yana zaune a falo, hannun a kan matashi. Na tsaya a bakin ƙofa.

Ya ce, “Ya Hajji, abu ɗaya nake so in sani. Me ya sa ka tsaya?”

Na ce, “Surukina ne. Baffan matata.”

“To?”

“A wurinmu ba a wuce babba a kan keke. Sauka ake yi a gaishe shi.”

Ya ce, “Ko a mota haka kuke yi?”

Na ce, “A'a, a mota rage gudu ake yi, a ɗaga hannu.”

Ya ce, “Alhamdulillah.” Ya kalli hannunsa, ya yi ƙoƙarin motsa yatsu, ya yamutsa fuska. Sannan ya ce, “Likita ya ce sati shida ba tuƙi, bayan nan kuma gashin ƙashi. Lahadi ƙarfe bakwai ka fito da mota ka kai ni ofis. Ka kawo iƙamarka a sabunta, kar ta mutu ina cikin wannan hali.”

Na ce aiwa. Wannan karon na fahimta.

Sati shida suka zama wata uku, don hannun bai haɗu da wuri ba. Kafin ya warke ya gano cewa barcin da tuƙina ke sa shi yana da daɗi, daga Suwaidi zuwa ofis a cikin cunkoso. Madam ta karɓi lasisinta tana kai kanta kasuwa, ni na koma direban maigida.

Tsibirin ma na je, da sanyin shekara ta gaba. Su huɗu a kan keke, ni a baya cikin mota da fitilun gargaɗi a kunne, ɗauke da ruwa da ayaba da tayoyi. Sharaɗi ɗaya aka kafa mini tun a jirgin ruwa: kar in taɓa keken kowa, ko da faɗuwa ya yi. Wurin yana da kyau, ba ƙarya. Teku kore a dama, farin dutse a hagu, tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna tsaye a ruwa. An ce barewa ta gitta sau biyu. Ni ban gan ta ba, domin kwana uku abin da ke gaban gilashina mazaunan mutum huɗu ne cikin baƙin wando.

Abin da na koya ba shi da yawa. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙi ban taɓa fasa wa mutumin nan ko madubi ba, bai ga dalilin riƙe ni ba sai da na karya masa hannu. Ban ce wani direba ya gwada ba, ni dai haka tawa ta zo. Na biyu kuma, duk abin da za a ɗora ka a kai a ƙasar mutane, ka bar rawar jikin yadda ake hawa. Ka tsaya, ka rufe baki, ka saurari wurin da ake bayanin yadda ake sauka.